PCV 31 a nan, 24 a can: injinan auna jini da yadda ake gane wanda ya yi ƙarya

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya kamar haka: "Assalamu alaikum. Mun kai mahaifiyata gwajin jini, a wani ɗan lab na unguwa suka juya jinin a inji suka ce PCV ɗinta 31, bayan kwana biyu muka je babban wuri suka sa a kwamfuta ta fito da doguwar takarda an rubuta 24, har likita na maganar ƙarin jini. Wanne ne gaskiya? Kuma wai waɗanne injina ake auna jini da su, ya suke aiki? Ƙanina ya kusa gama makarantar lab, muna tunanin buɗe masa ɗan wuri."

Wa'alaikumussalam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne. Bari in fara da abinda ya fi gaggawa kafin in shiga surutun injina, dan aikina kenan shekara da shekaru kuma in na fara bana tsayawa da wuri. PCV dai kason jajayen ƙwayoyi ne cikin ɗari na jini, kuma tazarar 31 da 24 ta yi yawa gaskiya. Ɗan saɓanin da muka saba gani tsakanin hanya da hanya baya wuce maki ɗaya zuwa uku. Toh ko dai jinin nata ne ya sauka da gaske cikin kwana biyun nan, misali tana zubar da jini ta ciki, ko ranar farko ta je a bushe saboda amai ko gudawa jinin ya yi kauri, daga baya aka ɗura mata ledojin ruwa ya tsinke, ko kuma a ɗaya daga cikin wuraren biyu an tafka kuskure. Kar ku zaɓi lambar da ta fi muku daɗi. Ku kai wa likitan takardun duka biyu, a ɗebi sabon jini daga hannun da ba a sa mata ruwa ba a maimaita. In kuma tana jiri, ko haki daga ɗan motsi kaɗan, ko bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, to yau ɗinnan ba sai gobe ba.

Yanzu maganar injina. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, babu injin da ya san cuta. Kowanne abu ɗaya tak ya iya, wani juyawa, wani ƙirge, wani kallon kala, abinda aka bashi kuma shi zai auna ko da an bashi gurɓatacce.

Wancan na lab ɗin unguwa santirifuj ne na PCV, aikinsa juyi kawai. Ana zuƙar jini a wani siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya, a toshe gindinsa da wani abu mai kama da yumɓu, a kwantar da shi a faifan injin a rufe, ya yi ta walwalawa wajen juyi 12,000 a minti ɗaya har minti biyar. Ka san yadda ƙullun kamu ke kwanciya ruwa ya taso sama in aka bar shi? To haka ne, sai dai shi da ƙarfin tsiya ake kwantar da shi. In ka ciro bututun zaka ga jajayen ƙwayoyi sun cushe a ƙasa, sai wata 'yar siririyar yana fara-fara a kansu wato fararen ƙwayoyi da filatilet ('yan ƙwayoyin da ke taimakawa jini ya daskare), sai ruwan jinin a sama kalar ruwan ɗorawa. Sai a ɗora a kan wani ma'auni a karanta kashi nawa cikin ɗari ne jajayen suka cinye, wannan shine PCV. Namiji lafiyayye yana kamawa daga 40 zuwa sama da 50 kaɗan, mace daga wajen 36 zuwa 46. Ni ina girmama injin nan sosai, baya cin riyajen, wato ruwan sinadarin da ake gwaji da shi, baya neman injiniya kowane wata, kuma idonka na ganin jinin, in ruwan saman ya yi rawaya shar kasan akwai shawara tun kafin a auna hanta. Amma shima ana ɓata shi. In injin ya tsufa baya kai gudunsa, ko wuta ta yi ƙasa, ko mai aikin ya gaji ya kashe a minti uku, ƙwayoyin basa cushewa sosai sai lamba ta hau sama, mai 26 ya koma 30. In kuma a yatsa aka ɗauka aka yi ta matse yatsan kamar ana tatsar nono, ruwan tsoka ya shiga, lamba ta sauka.

Na biyun da kuka ce kwamfuta shi muke ce wa analaiza ta FBC, injin ƙirga ƙwayoyin jini. A nan Najeriya Sysmex ta Japan da Mindray ta Sin su suka cika wuri, tsohuwar KX-21 da ƙanwarta XP-300, da su BC-2800 da BC-3000, duk wanda ya yi aikin lab ya taɓa ɗaya a ciki. Dabarar da ke cikinsu ta tsufa, wani injiniyan lantarki ne Ba'amurke, Wallace Coulter, ya ƙirƙiro ta a Chicago, aka bashi haƙƙin mallakarta a 1953, kuma har yau ita ce zuciyar yawancin injinan. Ga yadda abin yake. Ruwan gishiri yana barin wutar lantarki ta wuce, ƙwayar jini kuma tana tare ta. Sai injin ya zuƙi jinin da bai wuce ɗigo ɗaya ba, ya tsinka shi da ruwan gishiri mai yawan gaske, sannan ya ja ruwan ta wani ɗan huji wanda faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba, ga kuma wuta na bi ta cikin hujin. Duk ƙwayar da ta ratsa sai ta ɗan tare wutar, injin ya ji ɗan bugu. Yawan bugun shine yawan ƙwayoyi, ƙarfin bugun shine girman ƙwayar. Kamar makiyayi makaho ne a bakin ƙofar garke ya miƙa hannu, duk dabbar da ta wuce ya shafa ya ƙirga, ya san babba ya san ƙarama, amma bai san tunkiya ba bai san akuya ba.

Ɗaki biyu ne a cikin injin. A na farko ana ƙirga jajayen ƙwayoyi da filatilet tare, girma ne ya raba su tunda filatilet ƙanana ne ƙwarai. A na biyu ana zuba wani riyajen da ke fasa jajayen duka ya bar farare su kaɗai a ƙirga su, sannan hemogulobin, jan sinadarin da ya fito daga fasassun, a haska masa fitila a auna duhun kalarsa. Cikin minti ɗaya an gama, sampul wajen 60 a awa. Ka kwatanta da yadda muka koya a makaranta, ka tsinka jini da ruwan Turk, ka ɗiga a gilashin Neubauer, ka duƙa kan maikuroskof kana ƙirga ɗaiɗai har wuyanka ya ƙage, in an yi maka magana ka manta inda ka tsaya. Mutum ƙwaya 100 yake ƙirgawa in zai raba fararen ƙwayoyi gida-gida, inji dubbai yake ƙirgawa, dan haka wajen ƙirge kam ba a haɗa su.

Ɗauko doguwar takardar Hajiya mu duba tare. Inda aka sa HCT shine PCV ɗin, sai dai injin baya juya komai, lissafi yake daga yawan ƙwayoyin da girmansu, shi yasa yakan ɗan gaza na santirifuj da maki ɗaya ko biyu dan shi na juyawar ɗan ruwa na maƙalewa tsakanin ƙwayoyi. Ka duba HGB, wato hemogulobin, in ka ninka shi sau uku ya kamata ya zo kusa da HCT, wato mai 24 ana sa ran hemogulobin wajen 8. In kaga HGB 10 da ɗoriya amma HCT 24 to da walakin, a maimaita. Sai MCV, girman jar ƙwaya, daidai shine 80 zuwa 100. In ya yi ƙasa da 80 galibi ƙarancin sinadarin ayon ne, kuma a dattijuwa irin Hajiya likita zai so ya san ta ina jinin ke yoyo, ba a rubuta maganin ƙarin jini a sallame ta ba. In ya haura 100 sai a waiwayi B12 da folik asid. Kaga wannan bayanin santirifuj bazai taɓa baka shi ba. WBC, yawan fararen ƙwayoyi, daidai 4,000 zuwa 11,000, duk da mu baƙar fata da yawanmu namu na zama ɗan ƙasa kuma lafiyarmu ƙalau, filatilet kuma 150,000 zuwa wajen 400,000.

Toh ta ina wannan mai tsadar ke yin ƙarya? Hanya mafi sauƙi, kuma ita na fi zargi duk sanda naga irin taku, rashin jujjuya kwalba. Jini in ya zauna a kan benci minti ashirin ƙwayoyi sun fara kwanciya, in mai aiki ya ɗauka ya miƙa wa injin bai kifa ta ya tayar sau takwas ko goma a hankali ba, allurar ta zuƙi na sama tsararo, sai mai 31 ya fito 24, in ta zuƙi na ƙasa kuma ya fito 40. Injin bai yi laifi ba, abinda ya sha shi ya faɗa. Haka in akwai ɗan gudan jini a kwalbar, filatilet su ruguzo ƙasa kuma gudan ya je ya toshe hujin nan. Akwai ma mutanen da filatilet ɗinsu ke dunƙulewa da zarar sun haɗu da sinadarin EDTA na cikin kwalba mai hana jini daskarewa, inji ya ga dunƙule ya ce wannan ya fi ƙarfin filatilet ya ƙi ƙirga shi, a fito da 40,000 hankalin kowa ya tashi, ka shafa jinin a gilashi ka duba ka same su jingim a gefe sun yi curi-curi. Wanda kuma ya fi shafarmu a nan shine na masu sikila. Ɓargonsu na aiki ba dare ba rana, yana sako jajayen ƙwayoyin da basu nuna ba masu sauran cibiya a ciki, riyajen ya fasa ƙwayar cibiyar ta rage, makahon makiyayin nan ya shafa ya ce farar ƙwaya ce. Sai kaga WBC ya yi tashin gwauron zabi ana ta rubuta manyan allurai, alhali wani kaso na lambar ba farare bane. Ƙananan injina masu raba farare gida uku sun fi faɗawa wannan ramin. Manyan masu gida biyar, irin su BC-5000 ko jerin XN na Sysmex, suna jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya su haska musu leza su kalli yadda hasken ke watsuwa, dan haka suna ganin har abinda ke cikin ƙwayar, sun fi wayo nesa ba kusa ba amma kuɗinsu da na riyajen ɗinsu ma haka. Kuma duk wayonsu in suka rikice tauraro ko wata alama suke sakawa gefen lamba, ma'ana dan Allah mutum ya duba da ido. Lab ɗin da ke yage takarda daga inji ya miƙa maka da taurarinta ba wanda ya shafa silaid ya rina da Leishman ya leƙa, wannan ba lab bane shagon fotokwafi ne.

Sai ɓangaren kemistiri, su suga, ƙoda, hanta, kitse. Nan ba ƙirge ake ba, kala ake kallo. A juya jini a ware ruwansa, a haɗa ɗan kaɗan da riyajen ɗin da ke canza kala in ya haɗu da abinda ake nema. Na suga yana komawa ruwan hoda, iya yawan sugan iya turuwar kalar. Na kiriyatinin, wanda ake duba ƙoda da shi, yana komawa ruwan lemo mai ja-ja, kuma wani Bajamushe Max Jaffe ne ya gano haɗin tun 1886, har gobe da shi ake aiki a yawancin wurare. Injin fitila ce kawai da matatar haske da wani ido a ɗaya gefen, ya haska ta cikin ruwan ya ga nawa ya wuce nawa kalar ta shanye, ya kwatanta da wani ruwa da aka riga aka san adadin da ke cikinsa. Ƙaramin, wanda muke ce wa semi, kai ne zaka auna da fifet, ɗan bututun ɗibar ruwa daidai ƙima, ka ɗumama a digiri 37, ka ƙirga mintuna, ka miƙa masa ya zuƙa, dan haka hannunka da agogonka rabin sakamakon ne. Babban irin su Cobas na Roche ko jerin BS na Mindray shi ke yin komai da hannuwansa, ka jera kofuna ka danna ka tafi. Kakansu duka shine wanda Leonard Skeggs ya ƙirƙira kamfanin Technicon ya fitar a 1957. Gishirin jini kuma, sodiyam da fotasiyam, da can da wuta muke auna su, a fesa ruwan jini cikin harshen wutar gas, sodiyam ya ba da rawaya, irin dai yadda wutar risho ke yin rawaya in miya mai gishiri ta zubo mata, a auna ƙarfin hasken. Yanzu an koma injin ISE mai wasu 'yan sanduna da kowacce gishiri ɗaya take ji.

Akwai ranar da bazan manta ba a wani asibiti da na yi aiki. Ina dutin dare aka kawo jinin wani dattijo, injin ya ba ni fotasiyam sama da 9, alhali daidai 3.5 zuwa 5 ne, mai 9 zuciyarsa na dab da tsayawa in ma bata tsaya ba. Na maimaita, haka. Na auna kalsiyam naga kusan babu. Sai na ajiye komai na taka har wod ɗin, na tarar da baba zaune bakin gado yana shan kunu da ƙosai yana ba maƙwabcinsa labarin kasuwa. Na nemi wanda ya ɗauki jinin, wani ɗalibi ne, na lallaɓa shi ya faɗa min gaskiya, ashe jijiyar ce ta ba shi wahala jinin bai isa kwalba biyu ba, sai ya tsiyayo daga kwalbar FBC ya cika ta kemistiri. Ita kuma kwalbar FBC sinadarin da ke hana jini daskarewa a cikinta, EDTA, da fotasiyam aka haɗa shi kuma aikinsa kame kalsiyam. Muka sake ɗiba, 4.1. Da na sa hannu na tura na farkon da an ɗura wa bawan Allah maganin sauke abinda bai hau ba. Shi yasa kwalaben nan masu murfi kala-kala ba ado bane. A tsarin vacutainer mai ruwan malmo ta FBC ce, toka-toka mai fuloraid ta suga, shuɗiya mai haske ta gwajin daskarewar jini ce kuma dole a cika ta daidai layi dan kashi tara na jini ake so kan kashi ɗaya na maganin, kore mai hefarin, ja babu maganin hana daskarewa a ciki. Na roba da ake sayarwa a kasuwanninmu kalolinsu kan saɓa da wannan, dan haka ƙaninka ya saba da karanta rubutun jikin kwalba kar ya dogara da murfi. Jinin suga in aka sa shi a kwalbar da ba fuloraid aka bar shi, ƙwayoyin na ci gaba da cin sugan, yana raguwa wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, kaga wanda aka ɗauka da hantsi aka auna bayan azahar ai an yi wa mai ciwon suga bushara ta ƙarya. Jinin da aka matsa da ƙarfi ta siririyar allura kuma ƙwayoyi su fashe fotasiyam ya hau.

Af, tunda ana maganar suga, mutane na zuwar min a firgice wai jiya 6 yau 108. Abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, wani mmol wani mg, ka ninka na farkon da 18. Mai azumin dare in ya kai 7.0, wato 126, kuma aka maimaita ya tabbata, shine ake maganar ciwon suga.

Jinotayif shi ne inda kuskure ya fi ciwo, dan aure ake ɗaurawa a kansa, balle yanzu da Kano ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024. Injin da aka fi amfani da shi tanki ne na ilektoroforesis, ɗan akwati da wani ruwan sinadari da ake ce wa bafa da wata farar takarda ta musamman. A fasa jajayen ƙwayoyi a ɗiga a layi, a kunna wuta, kowane irin hemogulobin ya yi gudu gwargwadon cajinsa, A a gaba, F na biye, sai S, C can baya. Da irin wannan dabarar Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa hemogulobin ɗin mai sikila daban yake. Sharaɗin shine duk takardar da za a gudanar sai an ɗiga jinin da aka tabbatar yana da A da S da C a gefe, dan da shi ake gane wa ya tsaya a ina. Wasu basa sawa, wasu bafa ɗinsu ta yi wata da watanni ba a canza ba layukan duk sun cakuɗe, sai a yi ta kintace, daga nan ake samun mai AS riƙe da takardar AA, sai an haifi yaro ya fara kumburin hannu a ce ai aljanu ne suka canza jini. Jinotayif baya canzawa. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce kar ya yi gwajin, jinin wani zai fito a nasa, mai SS ya fito AS. Jariri sabon haihuwa shima F ya cika masa jini, tankin nan baya ba da amsa mai kyau a kansa. Akwai kuma wasu nau'o'in kamar D da G da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Injin HPLC, irin D-10 na Bio-Rad, shi ke warware yawancin wannan dan har kason kowanne yake bayarwa. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, ni shawarata ga masu shirin aure a yi a wuri biyu daban, in an samu saɓani a tafi HPLC.

Maleriya kuwa har yau maikuroskof ne sarki, ɗigo mai kauri da shafe mai siriri, rinin Giemsa, ɗigon mai, da mutum mai haƙurin duba fili bayan fili kafin ya ce babu. Da shi Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar a Aljeriya a 1880. Ɗan katin RDT yana da amfani sosai musamman a karkara, sai dai yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Shi kuma Widal da ake ce wa kowa yana da taifot da shi, kar ma in fara, tabbacin taifot sai an shuka jini a kwalbar kalca an ga ƙwayar ta tsiro. Su gwajin homon, PSA, tayroid, da ciwon hanta B da C, injinan ELISA ne da na zamani masu auna ɗan hasken da haɗin ke fitarwa, ƙirga yawan ƙwayar HIV ko ta hanta kuma sai PCR. Waɗannan ba na mai farawa bane, a ɗauki jini a tura inda suke.

Wanda nake roƙonka da girman Allah kar ku saya, kar kuma ku kai Hajiya, shine abin nan da ake yawo da shi a kasuwa da tasha, a ba mutum wani ƙarfe ya riƙe a jona da laftof, minti biyu a zayyano masa cutar ƙoda da hanta da ƙashi, sannan a buɗe jaka a sayar masa da magani. Ko ɗigon jini bai taɓa ba, me ya auna?

Batun ƙaninka, fara duba takardarsa. Hukumar MLSCN ce ke rajistar lab da ma'aikatansa a Najeriya, in teknishiyan ne daga makarantar kiwon lafiya to ƙarƙashin sayantis mai lasisi doka ta ce ya yi aiki, sai ku nemi wanda zai tsaya wa wurin da gaske ba aron suna ba. Wajen sayayya kuma ni da maikuroskof mai kyau zan fara, mai ido biyu, ko na hannu ne in dai Olympus ne ko makamancinsa ya fi sabo ɗan arha da ke nuna maka ƙura a matsayin maleriya. Sai santirifuj biyu, na PCV da na kwalabe, tankin jinotayif, semi na kemistiri, fifet masu kyau, da firij da ke riƙe digiri 2 zuwa 8 da tamomita a ciki. Analaiza ta FBC sai an ga kasuwa, dan ko ba a yi gwaji ko ɗaya ba kullum sai ta sha riyajen wajen wanke kanta safe da yamma, riyajen ɗin da aka buɗe kuma yana da wa'adi, in mutum biyar kake samu a rana asara zaka yi ta tafkawa. Kafin ka biya kuɗin kowane inji ka tambayi abu biyu, ina ake samun riyajen ɗinsa kuma nawa, sannan injiniyansa a wane gari yake. Na sha ganin manyan injina na miliyoyi an lulluɓe su da zani a lungu saboda dilan riyajen ɗin mutum ɗaya ne a Legas kuma ya daina kawowa. Wuta kuma kar ka jona su kai tsaye da NEPA ko ƙaramin janareto, sola da inbata ko aƙalla UPS da sitabilaiza. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 30 ba, mu kuma a watan Afrilu muna haura 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, dan haka ɗakin inji na son AC da taga a rufe, ruwan rijiyar burtsatse kuma baya shiga inji sai tataccen ruwa.

Sai kwantirol, wanda shi mutane suka fi tsallakewa dan yana da tsada kuma ba mai biyanka kuɗinsa. Wani jini ne na kamfani a 'yar kwalba da aka riga aka san amsarsa, mai ƙasa da daidai da mai sama, kowace safiya kafin jinin mutum ya shiga inji shi ake fara ba shi, in ya faɗi abinda ke rubuce a ci gaba, in ya kauce a tsaya a nemo dalili, a kuma rubuta a littafi kullum dan a ga in injin ya fara zamewa a hankali. In kun koma maimaita na Hajiya ka tambaye su cikin ladabi ko sun yi kwantirol yau, kuma ka roƙa a yi mata duka biyun daga kwalba ɗaya, a sa a analaiza a kuma juya a santirifuj, sannan a shafa silaid a duba. Ka turo min HGB da HCT da MCV na sabuwar takardar tare da na tsohuwar in duba maka.